Numfashi Biyar

Ni mai walda ne a Dilimi,
kunnena ya saba da kukan ƙarfe.
Ran nan wani yaro, Dachung,
ya kawo min ƙahon tagulla a buhu,
murɗaɗɗe kamar hanjin rago,
wai daga keke napep ya faɗo.
Na liƙe tsagar da dalma.
Kuɗinsa bai kai ba.
Ya ce, “Baba, cikon ka zo ka karɓa da kunne.”

Na je, don ni ba na barin bashi ya tsufa.
Tsohon ɗakin taron ma'aikatan kuza ne, hanyar Bukur,
rufin kwano, taga ɗaya ba gilashi,
kujeru biyar an lanƙwasa su kamar jinjirin wata.
Ba ganga, ba kalangu. Har bayan ƙofa na leƙa.
Na ce a raina, to wa zai riƙe musu ƙafa?

Nanret ce da sarewar azurfa,
a gicciye take busa ta, kamar mai yi wa kafaɗarta raɗa.
Barira 'yar Gangare na jiƙa bakin obo a murfin kwalba,
ta ce kakanta algaita ya busa har haƙora suka ƙare,
wannan ƙanwarta ce da ta yi karatu a waje.
Azi da baƙar kilarinet.
Sai Chidubem, dogo,
rungume da basun, ice mai tsawon taɓarya
da muryar kawun da ba a yi wa musu.

Takardu a gabansu, baƙaƙen ɗigo
kamar tsuntsaye a kan wayar Nepa.
Kiɗan wani Bature ne, in ji su,
da ya mutu tun ba a haƙa ramin farko a nan ba.
Suka ɗauko shi yadda ya bar shi,
a tsanake, ba mai taka sawun wani.
Na yi hamma sau biyu, ban ɓoye ba.

Can sai Azi ya karkace.
Ya jawo busar asharwa daga duwatsun garinsu
ya ajiye ta a tsakiya.
Sarewar Nanret ta bi ta, ta zama ta makiyayi
mai gangaro da shanu daga Shere da yamma.
Obo ta tuna gidansu.
Wallahi ta tuna, sai da tsigar jikina ta tashi.
Basun na can ƙasa yana daka.
Ƙahon da na liƙe ya buɗe baki,
na kasa kunne wajen tsagar: ko tsaki bai yi ba.

Ruwa ya kece a kan kwano.
Suka matsa masa, ya zama na shida.

Amma ba wannan na ƙulle na kai gida ba.
Kafin sautin farko
akwai wani ɗan shiru:
su dubi juna,
kafaɗu su ɗaga,
su ja iska lokaci guda,
iskar ɗaki ɗaya.
Na san unguwannin da suka fito.
Na san shekarun da direba zai ce maka,
“Iyakata nan, ƙarasa da ƙafa.”
Ni ma na taɓa barin shago a buɗe, takalmi ɗaya a hannu.
Ga su nan, ba wanda ya tambayi iskar
daga ƙirjin wa ta fito.

Sun yi kuskure, kar a ce na rufa musu.
Barira ta riga kowa shiga, aka fashe da dariya,
Dachung ya juye ƙaho, ruwan numfashi ya ɗiga a siminti,
aka koma farko.
Sau huɗu ana komawa.

Da zan fita ya biyo ni bakin ƙofa.
“Baba, mun biya?”
Na ce da saura.
Talata mai zuwa zan dawo karɓar ciko.

Yau da safe ina haɗa ƙafar wata kujera,
ƙarfe biyu da ba maƙera ɗaya ta haifa ba.
Kafin in kunna wuta
sai na tsinci kaina na ja numfashi,
na riƙe,
ina jiran wani ya ja tare da ni.